Na bi guguwar siyasa, yanzu na kasa zama a majalisar unguwa

Assalamu alaikum. Ni tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, shekaruna sittin da biyu. Kakanmu dagaci ne, mahaifinmu ɗan jam'iyyar NPC ta Sardauna ne har ya koma ga Allah, ni kuma ƙuri'ata ta farko jam'iyyar NPN ta Shagari na ba a 1983. An tashe mu a kan girmama na gaba, da bin abu sannu a hankali, da gudun hayaniya. Amma da na ga ƙasa ta rikice, tun 2015 na bi guguwar da ta taso a yankinmu da sunan ceton talaka. A zaɓen 2023 na ƙara zurfi. Na bi gida gida ina cewa a yi sak daga sama har ƙasa, na kwana a wajen tattara sakamako, a kasa, a tsare, a raka. A wuraren taro na ji ana zagin sarakuna da dattawa, har da hakiminmu, na yi shiru. Wata rana ma na tafa. Yayana ya ce mini wannan tafiya ba irin tamu ba ce, na gaya masa baƙar magana a gaban 'ya'yansa, yau shekara biyu ke nan ba ma haɗuwa sai a wajen jana'iza.

Ɗan majalisar tarayyar da muka tsaya wa ya ci, ya canza lambar waya, daga baya ya koma jam'iyyar da ya sa muka zaga. Rayuwa ta yi tsada. In na zo majalisa sai wani ya ce, "Malam, ina romon da ka ce?" Ɗana na biyu, mai shekara 26, ya zama sojan baka a Facebook, yana zagin sa'annina, ana ba shi kuɗin data. Barci ya gagare ni. Wani lokaci ina jin in ƙona katin zaɓena in huta, wani lokaci in fita gidan rediyo in tona asirin kowa. Ga 'yan ɗaya ɓangaren sun zo har gida suna so su shirya mini bikin karɓa. Don Allah ina mafita?

Wani dattijo daga arewa maso yamma

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara girma, ya saka maka da alheri a kan yaran da ka koyar.

Wasiƙarka ta ambaci tsadar rayuwa, ta ambaci ɗan majalisar da ya canza lamba, amma inda alƙalaminka ya fi nauyi shi ne wurin da ka ce "wata rana ma na tafa". Nan ciwon yake. Ɗan siyasa ya saɓa alkawari, wannan ka gani tun jamhuriya ta biyu, ba zai hana ka barci ba. Abin da ke hana ka barci shi ne ka tuna kanka a cikin taro, jikan dagaci, kana tafa wa mai zagin hakimi. To ka sani, wanda ba shi da asali ba ya jin irin wannan kunya. Tarbiyyar da aka yi maka tana nan da ranta, ita ce ma take tuhumarka da daddare.

Kada kuma ka mai da kanka wawa a kan abin da ya ja ka. Ka tuna yadda ƙasar take kafin zaɓen 2015. An sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014, an tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba na shekarar, garuruwa a Borno da Adamawa suna hannun 'yan Boko Haram, shingayen bincike a kowace hanya. Mutumin da abin da ya fi daraja a wurinsa shi ne tsari da zaman lafiya, in ya ga tsarin ya rushe, duk wanda ya zo ya ce zai dawo da shi zai saurare shi. Dattawa irinka da yawa ta wannan ƙofa suka shiga. Kuskuren bai taso daga son gyara ba. Ya taso ne daga rashin lura da cewa siyasar guguwa tana da ɗabi'arta, kuma ɗabi'ar ta saɓa da taka tun daga tushe. Ita wannan siyasa tana raba jama'a gida biyu, "mu talakawa" da "su manya", sannan mutum ɗaya ya ce shi kaɗai ne bakin talakawa. Duk wanda ke tsakani, ko sarki ne, ko malami, ko alƙali, ko ɗan jarida, ko yayanka da ya ce a yi hankali, sai ya zama abokin gaba, domin yana rage wa jagora kusancin da yake so da taro. Kai kuwa duk rayuwarka a kan waɗannan matsakaitan aka gina ta. Ka shiga jirgin da man da yake sha shi ne ƙone abin da kake girmamawa, don haka ba mamaki hayaƙin ya dame ka.

Sai dai zan gaya maka wata magana da wataƙila ba za ta yi maka daɗi ba, don na ji ƙamshin kewar zamanin da a cikin wasiƙarka. Siyasar mazan jiya da mahaifinku ya yi tana da dattako, gaskiya ne, amma ba a banza jam'iyyar adawa ta NEPU ta taso a Kano a 1950 ba. Akwai haraji da jangali da ake karɓa da tsanani, akwai 'yan doka da kotunan alƙalai da kurkukun En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, da aka yi amfani da su a kan 'yan adawa. Da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979, talakan ƙauye ya ji sauƙi na gaske a aljihunsa. Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda ka ga guguwa ta samu kasuwa, akwai kukan da manya suka daɗe suna ji suna kau da kai. Haka nan taɓa sarauta ba aikin ɓangare ɗaya ba ne. A ƙarƙashin gwamnatin NPC ta Sardauna ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya bar gadon sarauta a 1963 ya koma Azare. Takardar tuhumar da gwamnatin PRP ta aika wa Sarki Ado Bayero ce ta jawo tarzomar Kano ta watan Yulin 1981, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, a cikinta. Soja ne suka sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996. A zamaninmu kuma an raba masarautar Kano gida biyar a 2019, an sauke Sarki Sanusi na biyu a watan Maris na 2020, sannan a watan Mayun 2024 wata gwamnatin ta soke dokar ta mayar da shi. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba, dokar jiha ce ke riƙe da su, kuma dokar jiha a hannun gwamna da majalisarsa take. Na kawo wannan ne don kada ka yi zaton akwai wata jam'iyya a yau da take gadon gidanku, wadda in ka koma cikinta ka koma gida. Babu ita. Waɗanda suka zo maka da maganar bikin karɓa, irin waƙar da aka yi a dandalin da ka baro ita za su yi a nasu, sunayen da ake zagi ne kawai za su canza.

Saboda haka bikin karɓar nan, ka ba su haƙuri cikin mutunci. Ka ce musu ka gode da girmamawa, amma ka ajiye tallar ɗan takara zuwa wani lokaci. Kada ka karɓi ambulan, ko da an ce na mai ne, ko na goro. Yadda abin ke tafiya sananne ne: za a kafa rumfa, a sa maka hula, a ba ka makirfo, a ɗauki bidiyo na minti biyu inda kake cewa an yaudare ka, a watsa shi mako guda, shi ke nan an gama da kai. Mutanen unguwa kuma za su ce ashe Malam farashi gare shi. Abin da ya rage maka na jari shi ne har yanzu ba wanda zai ce ka ci kuɗi a tafiyar da ka yi, har masu yi maka ba'a sun san da haka. Maganar rediyo ma haka take. Shirye-shiryen siyasa na dare da faɗa suke ci, gobe za a ba wani yaro fili ya mayar maka da martani, ya ambaci gidanku, ya ambaci kakanka. Kuma in ka faɗi abin da ba za ka iya kawo hujjarsa ba a kan wani da sunansa, ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a arewa, ana gurfanar da mutum a kansa.

Wanda ya fi kowa haƙƙi a kanka a wannan magana yayanka ne, kuma da shi za ka fara, kafin Juma'a biyu su wuce. Ka san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ku kuwa kun shekara biyu. Kada ka aika saƙon waya, kada ka jira wani biki ko rasuwa ta haɗa ku. Ka taka da ƙafarka, bayan la'asar ko bayan sallar isha lokacin da zaure ya yi sauƙi. In kana tsoron kada magana ta sake zafi, ka tafi da mutum ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa ko babbar yayarku in tana raye, amma ɗaya kawai, don taro yana sa kowa ya tsaya kare girmansa. Abin da za ka nemi gafara a kai shi ne baƙar maganar da ka gaya masa, ban da ƙuri'ar da ka kaɗa. Ƙuri'a haƙƙinka ce, ba ka yi wa kowa laifi da ita ba. In ka haɗa su biyun, zancen zai koma muhawarar wane ne ya fi hangen nesa, ku tashi ba a shirya ba. Tunda kuma a gaban 'ya'yansa ka faɗa, bayan kun gama ku biyu ka roƙe shi ya kira babban ɗansa ko biyu daga cikinsu, ka maimaita a gabansu cewa ka yi wa babansu ba daidai ba. Wannan shi ne zai fi maka nauyi, shi ne kuma zai fi wanke zuciyarsa.

Ka shirya wa abin da kan ɓata irin wannan zama. Yana iya ce maka "ai na gaya maka", yana iya maimaita ta sau uku. Ka bar shi ya faɗa, ya shekara biyu yana riƙe da ita. Kalmar da za ka kiyaye bakinka daga gare ta ita ce "amma ai kai ma". Da zarar ta fita, an koma gidan jiya. Yana kuma iya karɓarka a sanyaye, ya ce ba komai alhali fuskarsa ba ta sake ba. Kada ka matsa masa. Ka koma bayan mako guda ka gaishe shi kamar ba a yi komai ba, ka tura jikoki su yini a gidansa, ka sa iyalinka ta leƙa iyalinsa. Matan gidajen nan biyu, ina kyautata zaton, sun fi ku gajiya da wannan gaba, kuma su ne za su fi saurin ɗinke ta in kun buɗe musu hanya.

Na hakimi ya fi sauƙi. Ka bi ayarin dagaci ko mai unguwa ranar da ake zuwa gaisuwa, ka faɗi ka yi gaisuwa yadda aka koya maka. Ba sai ka yi dogon bayani ba, fada ta san wanda ya tafa da wanda bai tafa ba, ta kuma san ma'anar dawowar mutum.

Sai mutanen da ka bi gida gida. Masu ce maka "ina romon" ba duka ne maƙiyanka ba. Wasu tsokana ce irin ta majalisa, wasu kuwa da gaske suke, domin sun ba da ƙuri'arsu ne a kan darajar bakinka, ba su san ɗan takarar ba sai a fasta. Guje wa majalisar shi ke ƙara wa maganar tsawon rai. Ka je ka zauna inda ka saba zama, in an jefo tambayar ka amsa ta sau ɗaya, a fili, ba da wasa ba. Ka ce ka kira su ne da kyakkyawar niyya, abin da ka zata bai tabbata ba, wanda ya bi maganarka ya ji ciwo ya yafe maka. Kada ka ƙara da zagin ɗan majalisar, kada ka kawo uzuri. In an sake tambaya washegari, ka yi murmushi ka ce ai ka riga ka amsa. Ba'a ba ta daɗewa a kan wanda ya riga ya faɗi laifinsa da bakinsa. Gidajen da ka san sun fi shiga wahala, musamman tsofaffi da zawarawan da ka sa suka yini a layi, ka bi su ɗaya ɗaya kamar yadda ka bi su ranar neman ƙuri'a.

Bari kuma mu yi wa shi ɗan majalisar adalci gwargwado, don ka san iyakar abin da za ka ɗora masa. Ɗan majalisa ba shi ke yanka farashin mai ba, ba shi ke ba da kwangilar hanya ba. Aikinsa yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu. In ya yi muku alkawarin arhar abinci, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa, ku kuma kuka karɓa ba ku tambaya ba. Janye tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a garuruwan arewa cikin 'yan kwanaki, manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku duk sun faɗa tun lokacin yaƙin neman zaɓe cewa za su yi shi, kasafin 2023 ma bai tanadi kuɗin tallafin ba sai zuwa tsakiyar shekara. An faɗa, kiɗa ne ya fi maganar ƙara. Sannan ka tuna mutumin da ya sayi fom, wanda a jam'iyya mai mulki ya kai naira miliyan 10 na kujerar majalisar wakilai a 2022, ya biya daliget, ya ciyar da 'yan rakiya, yakan shiga ofis da bashi a wuyansa. Wannan bai wanke shi daga canza lamba ba, bai kuma wanke shi daga sauya sheƙa ba. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare gida biyu, amma ta wannan kafar kowa ke fita, kuma shari'ar kan kai har ƙarshen wa'adi. Kiranye ma yana nan a sashe na 69, sai dai yana bukatar sa hannun fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar, a tantance su, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi a Kogi ta Yamma a 2018 a matakin tantance sa hannu ya rushe. Ban ba ka shawarar ka zuba ƙarfinka da kuɗin fanshonka a wannan hanya ba.

Katin zaɓe kuwa, ka mayar da shi cikin akwatin da kake ajiye takardun fansho. Ga lissafin da ya kamata tsohon malamin makaranta ya duba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 ba, kusan kashi 27 cikin ɗari, wanda ya ci kuma da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da ɗoriya ya ci. Ka ɗauki rumfa mai mutum 500 a rajista. In kashi 27 ne suka fito, mutum 135 ke nan, mai neman rinjaye ba ya bukatar fiye da 70. Taliya da atamfa da sabulun da za su sayi mutum 70 ba su da yawa. Duk dattijon da ya yi fushi ya zauna a gida ya rage wa mai sayen ƙuri'a kuɗin da zai kashe. Abin da ya kamata ka ƙona shi ne kalmar "sak". Ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku ake ba ka, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai, ranar gwamna kuma biyu. An raba su ne don ka auna kowa da ma'auninsa. Sak ita ce ke ɗauko mutumin da ko kansila ba zai ci da sunansa ba ta kai shi Abuja a inuwar wani. Kafin zaɓen 2027, duk wanda ya zo zaurenka neman goyon baya, ka tambaye shi abin da ya yi da amanar da ya taɓa riƙewa, ko da shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwa ce. Ka tambaye shi inda kuɗin alkawarinsa zai fito. Ka kuma saurari yadda yake ambatar abokin hamayyarsa, domin wanda ya zagi uban wani don ya burge ka, ranar da kuka saɓa naka zai zaga.

Maganar ɗanka ita ce ta fi bukatar lallami. Kada ka manta a wurinka ya ga ƙofar, don haka in ka zo masa da tsawa zai ce a ransa Baba ne ya fara. Ka fara da ba shi labarin zuwanka gidan yayanka, ko ma ka tafi da shi zuwa na biyu ya gani da idonsa. Kada ka ce ya bar jam'iyyarsa, shekararsa 26, yana da ra'ayinsa, in ka hana shi a fili zai buɗe wani shafin da sunan ƙarya. Iyaka za ka sa masa a matsayinka na uba: ba zagin kowa da iyayensa, ba yaɗa abin da bai tabbatar ba, ba shiga motar kamfen da aka ɗauki 'yan daba. Ka zauna da shi ku yi lissafin abin da ake ba shi a wata, ku cire kuɗin data da cajin waya, ya ga abin da ya rage. Ka gaya masa gaskiyar da iyayen gidansa ba za su gaya masa ba, cewa dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama matasa da ita a kan rubutun Facebook, kuma ranar da aka zo kamu mai shafin ake ɗauka, wanda ya ba da kuɗin data yana gidansa. Rubutun kuma ba ya gogewa, masu ɗaukar aiki da iyayen yarinyar da zai nema duk suna dubawa. In da gaske siyasar yake so, ka nuna masa babbar ƙofa: gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ya riga ya kai. Ya yi rajista a mazaɓarsa, ya riƙa halartar taron jam'iyya na gunduma, ya koyi yadda ake zama wakilin akwati. Yaron da ya iya rubutun da mutum dubu ke karantawa yana da baiwa, hayarta kawai yake bayarwa da arha.

Kai kuma ƙarfin da ka zuba a kamfen yana bukatar wurin zuwa, in ba haka ba zai koma ciki ya riƙa cinka. Wurin da ya dace da kai yana kusa. Makarantun firamare na gwamnati suna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda a wurare da yawa suna ne kawai a takarda. Tsohon hedimasta ya san abin da zai duba: rajistar zuwan malamai, yawan yaran da ke aji da ƙarfe tara da yawan da suka rage bayan tara ta biyu, ajin da rufinsa ya yaye, malamin da ke karɓar albashi yana kasuwa. Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa shi ma yana da kwamitin ci gaban gunduma. Ka zaɓi ɗaya, kada ka haɗa biyu. Ku zama mutum biyar zuwa bakwai, da gangan ka sa 'yan jam'iyyu daban daban da mace aƙalla ɗaya, ku riƙa zama sau ɗaya a wata, a rubuta abin da aka tattauna, kowace takarda da za ku kai ƙaramar hukuma ku yi kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya. In kuna son sanin ayyukan mazaɓu da aka sa da sunan yankinku, suna cikin kasafin kuɗin tarayya tare da sunan ma'aikatar da aka ba, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambaya a rubuce, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. Sau da yawa ba sa amsawa a kan lokaci, sai an sake rubutawa. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana bin diddigin irin waɗannan ayyuka tun 2019, tana karɓar ƙorafi a kan rijiyar burtsatsen da aka biya kuɗinta ba a haƙa ba. Abu biyu ke kashe irin wannan kwamiti: ɗan siyasa ya ba shi kyautar kuɗi, ko ɗaya daga cikinku ya mai da shi tsanin neman kansila. Ku rubuta tun zaman farko cewa ba ku karɓar kuɗin ɗan takara, kuma duk wanda zai tsaya zaɓe ya sauka tukuna.

In ka ji ba ka da ƙarfin wannan yanzu, ba laifi ba ne ka huta shekara guda cur, ka tsaya ga masallaci da gona da jikoki. Hutu daban, ƙona kati daban.

Rashin barcin nan kuma kada ka raina shi a shekarunka. Ka je a auna maka hawan jini a cikin makon nan, ka gaya wa ma'aikacin lafiya tun yaushe barcin ya ƙaurace maka. Ka daina sauraron shirye-shiryen siyasa na dare har wata guda, ka fita daga zaurukan WhatsApp na kamfen da har yanzu kake ciki, ka bar wayar a falo in za ka kwanta. In bayan makonni uku ko huɗu abin bai sauka ba, ko ka ga abinci ya fita ranka, ko ka daina jin daɗin abin da ka saba jin daɗinsa, ka koma asibiti ka faɗa musu haka ƙarara, akwai magani. Uwargida ma ka ba ta labarin abin da ke ranka, ta daɗe tana jin juyinka a shimfiɗa.

Allah ya daidaita tsakaninka da yayanka, ya shirya mana zuri'a. In ka je gidan nasa, ka sake rubuto mana yadda kuka yi.